Sol Daga Ƙetare

Tun ranar da Ƙungiyar Masu Takalma ta fara odar sol daga ƙetaren teku, algus ya mutu a layinsu, kuma ba zai sake tashi ba. Wannan ba ra'ayin wani ba ne. An rubuta shi da jan fenti a saman ƙofar sito, Shugaba kuma yana maimaita shi a kowane taro, har a wurin ta'aziyya idan ya samu fili. Sol, wato ƙasan takalmi, shi ne mutuncin takalmi. Mutuncin layin nan kuwa a kwantena yake zuwa, daga wata masana'anta da babu wanda ya taɓa gani, amma kowa ya tabbata ma'aikatanta da farar riga suke aiki. Kowane sol da hatiminsa a dunduniya. Manyan shagunan cikin gari, waɗanda a da ko gaisuwar 'yan layin ba sa amsawa, yanzu su ke aiko da mota. Masu zaman haya sun fara zancen sayen fili. Duk albarkacin hatimin nan.

A cikin wannan siton aka tsinci gawar maigadi da safe.

Uwar Layi ce ta fara ganinsa, matar da ta fi kowa yawan kekunan ɗinki a wurin, mai yi wa makarantu takalma. Ta zo da wuri don ta riga kowa ɗiban kaya, ta tarar da ƙofar baya a wangale, kwaɗo a fashe a ƙasa. Maigadi yana kwance daga ciki, ƙeyarsa a kan gefen sikelin ƙarfe, tocilarsa a ƙarƙashin cinyarsa tana ci har lokacin. An tafka ruwa a daren, bargonsa sharkaf yake.

Sakataren ƙungiya ya iso a guje. Shi ke magana da masana'antar ta waya, shi ke karɓar kaya, shi da Shugaba kaɗai ke riƙe da makulli. Ya dubi gawar, ya dubi kantoci, ya ce an kwashi kwalaye da yawa. Daga nan ya fita ya yi amai a jikin bango. Mutane suka yaba da taushin zuciyarsa.

Kafin a samo zanen rufe gawa, layin ya gama shari'a. Mai Roba ne. Tsohon da ke da rumfa a ƙarshen lungun baya, wanda ke narka roba yana zuba sol da hannu. Shekara da shekaru wurinsa kowa ke saye, har zuwa ranar da aka gano kayansa na gida ne. A taron da aka yanke shawarar oda daga waje ya tashi ya ce, "Za ku gani." Kowa ya tuna wannan yanzu, har waɗanda ba su je taron ba. Kuma ga ƙarin takaici: Sakatare ɗan ƙanwarsa ne, shi ya raine shi, shi kuma ya tashi ya kashe masa kasuwa. Tun daga lokacin ba a sake ganin sun gaisa a bainar jama'a ba.

"Ba ma zalunci a ƙungiyar nan," in ji Shugaba. "A kira mai bin sawu, ya nuna mana shi a hukumance."

*

Duba-Ƙasa ake ce wa mai bin sawun. Ya yi aikin gandun daji yana bin mafarauta har wuyansa ya ƙage a sunkuye, aka sallame shi da takardar yabo. Yanzu awaki yake bi, da janareto, wani lokacin da mazan da suka ce sun tafi tafiya. Ya iso da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofar baya, ya daɗe yana kallon taɓo.

"Wa ya taka nan?"

"Kowa, Baba," in ji Uwar Layi.

"Na ga alama. Kowan kuma takalmi ɗaya ya sa?"

Shugaba ya gyara tsayuwa. "Sol ɗinmu ne. Babu ɗan layin nan da ke taka wani abu daban. Ci gaba ke nan."

"Ranka ya daɗe, ci gabanku ya kashe min sana'a. A da kowane mutum da sawunsa. Yanzu kun mai da gari guda mutum ɗaya, ga shi ya yi kisa."

Babu wanda ya yi dariya. Ya bi gefen bango har ya wuce inda 'yan kallo suka dagargaza. Lungun ya matse a nan, tsakanin bayan shaguna da katangar makaranta, babu mai binsa sai da dalili. A cikin taɓon ga sawu tsaf, irin na kowa, da hatimi a dunduniya, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. Duba-Ƙasa ya bi shi a sunkuye, jama'a na biye da shi kamar masu rakiyar gawa. Sawun ya ƙare a ƙofar rumfar Mai Roba.

Ya ɗaga sanda ya nuna. "Nan ya tsaya, amma..."

Ba a ji sauran ba. An ture shi gefe, an ɓalle ƙofar langa-langa. A ciki ga kwalaye masu rubutun ƙetare, ga sol a jibge da hatimi. Aka fito da Mai Roba daga kan benci inda yake shan ruwan zafi. Bai yi gardama ba. Da aka fara dukansa ya sa hannu ya kare kai, ya ɗaga ido sau ɗaya ya bi fuskokin jama'a kamar mai neman wani, sannan ya sunkuyar. Zuwan Sufeto ne ya hana a yi gawa biyu a rana ɗaya. Aka jefa shi a bayan mota, leɓensa a fashe.

"Aikinka ya yi kyau, Baba," in ji Shugaba. "A ba shi lemo."

Duba-Ƙasa ya sha lemon. Bai taɓa barin magana a kan "amma" ba, kuma ta tsaya masa a maƙogwaro, lemon bai wuce da ita ba.

*

Bayan an dawo daga maƙabarta ya je gidan maigadi. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Matar marigayin tana zaune a kan tabarma, 'yan gaisuwa sun fara raguwa, saura masu jiran a raba abin da aka kawo.

"Ya haƙuri, baiwar Allah?"

"Da godiya, Baba."

"Yana da abokin gaba?"

"Wa zai ɓata lokacinsa ya yi gaba da maigadi?"

"Shi da Mai Roba fa?"

"Shi ke liƙe masa takalmin ruwa, bai taɓa karɓar komai ba." Ta ja mayafi ta share hanci. "Ban san me ya shiga kansa ba. An ce baƙin ciki ne."

"A ina yake zama in yana gadi?"

"A gaba, ƙarƙashin rumfa. Ya yi ta roƙon su gyara masa kwanon, yana yoyo. Shugaba ya ce sai kwantena ta gaba ta iso. In ruwa ya yi yawa sai ya zagaya baya ya laɓe bayan duro."

"Yana ba ki labarin aiki?"

"Wane labari ke cikin gadi? Sai dai yakan ce siton nan akwai albarka. Wai tun bara bai ga mota ta sauke kaya ba, amma kullum ɗiba ake, ba ya ƙarewa."

"Bai tambayi kowa ba?"

"Ya tambayi Sakatare. Ya ce masa da rana ake saukewa, lokacin yana gida yana barci."

Duba-Ƙasa ya yi addu'a ya fito. A hanya ya tsaya shaguna ya tambayi masu aikin rana yaushe suka ga mota ta ƙarshe. Kowa ya ce ai da dare ake saukewa, saboda ɓarayi.

*

Akwai wani sawu na biyu da ya gani da safe a bakin lungun, wanda ya shiga kaɗan ya juya wajen katanga. Mai shi yana jan ƙafar hagu. Mutum ɗaya ke jan ƙafar hagu a layin: Mai Gam, mai sayar da gam da zare, wanda shi ma ya nemi a ba shi odar ƙetaren aka hana shi, kuma bai daina faɗar haka ba. Duba-Ƙasa ya ji zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. In Mai Gam ne, to da safe bai nuna wa jama'a ƙofar marar laifi ba, ya dai nuna musu ƙofar mai ajiya.

Ya same shi a shago cikin warin da ke sa ido hawaye.

"Me ya kai ka lungun baya da asuba?"

"Wa ya ce na je?"

"Ƙafarka ta hagu. Ba ta iya riƙe sirri."

Mai Gam ya leƙa waje, ya rage murya. "Kai dai tsohon banza ne. Ciwon suga gare ni. A shago nake kwana tun da matata ta ce warin gam na sa mata ciwon kai. In fitsari ya matse ni, ina kake so in je? Ofishin Shugaba?"

"An hana ka oda."

"An hana ni, kuma har gobe ina cewa an yi son kai. Amma dube ni da kyau. Ni da ba na iya ɗaga galan sai an taya ni, ni zan yi ta jigilar kwali cikin taɓo?"

Duba-Ƙasa ya dube shi. Gaskiya ne, ko akuya ba za ta ji tsoronsa ba. Ya koma ya duba gindin katangar, ya tarar da shaidar da ba ta buƙatar gwani, ya dawo shagon.

"Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba."

"Ka ji wani?"

"Na ji nishi. Mutum ya wuce da kaya yana haki kamar zai haihu."

"Ya nufi ina?"

Mai Gam ya kawar da kai. Ya ɗauki gwangwani ya shiga goge shi da tsumma, gwangwanin da babu ƙura a jikinsa.

"Malam, ni gam nake sayarwa. In layin nan ya daina ɗinki, ni ma na daina ci. Na ji nishi. Nishi ba shi da gabas ba shi da yamma."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ya koma lungun shi kaɗai. Taɓon ya fara bushewa, ya riƙe sawun kamar an zuba shi da siminti. Yanzu babu mai numfashi a ƙeyarsa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kwance gorar ruwansa.

Ya zaɓi sawu biyu da ke gefe da gefe, ɗaya ya fuskanci rumfar Mai Roba, ɗaya ya fuskanci sito. Ya tsiyaya ruwa a na farko, nan da nan ya cika ya malala. Ya tsiyaya a na biyu, ya yi ta sha kamar rami. Ya matsa gaba ya sake. Ya sake matsawa. Ko'ina haka: mai zuwa rumfa a sake yake tafiya, takunsa mai faɗi, da ƙyar ya dami ƙasa. Mai zuwa sito dunduniyarsa ta nutse, takunsa gajere, nan da can ga shatin gindin kwali inda ya sauke ya huta.

Ɓarawo yakan je sito hannu sake, ya dawo da kaya. Wannan da kaya ya je.

Ya zauna a kan dutse ya daɗe. Da safe ya ga zurfin, shi ne "amma" ɗin. Sai dai bai tsaya ya duba wanne ne ya fuskanci ina ba, don jama'a na bayansa suna jira, shi kuma ya daɗe bai samu 'yan kallo masu yawa haka ba.

Rumfar Mai Roba a buɗe take, an farfasa abin da za a iya fasawa. Abin da ba a iya fasawa ba yana nan a ƙarƙashin injin matsa roba, an lulluɓe shi da buhu: ƙarfen zubi mai nauyi, an ɗaure shi da noti. Ya yaye buhun. A cikin ƙarfen ga zanen sol ɗin ƙetare, layi bayan layi, ga hatimin a dunduniya, a juye. Waɗanda suka zo da safe sun ga kwalaye sun ƙoshi, ba su sunkuya ba.

*

Ya aika a kira masu shaguna sito kafin magariba. Suka zo, suka tsaya tsakanin kantoci, kowa na kauce wa inda aka wanke jini. Shugaba ya zauna a kujera ɗaya tilo. Uwar Layi ta jingina da ƙofa. Mai Gam ya zaɓi lungu mafi duhu. Sakatare ya tsaya kusa da sikeli, ya lura da inda ya tsaya, ya matsa.

"Na ɗauka an gama, Baba," in ji Shugaba. "In maganar sallama ce..."

"Ranka ya daɗe, me aka sata a nan?"

"Kwalaye. Sakatare ya faɗa."

"Ban da shi wa ya san yawan abin da ke ciki jiya?"

Duba-Ƙasa ya bi kantoci yana ƙwanƙwasa kwalaye da sanda. Ya tsaya a kan waɗanda ke can ƙasa kusa da ƙofa, ya sa aka juya ɗaya. Gindinsa ya jiƙe, da jan taɓo a manne.

"Wannan ya haye teku bai jiƙe ba, sai a lungunku. A buɗe."

Uwar Layi ta sa almakashi ta farke. Wari ya tashi, warin robar da ba ta gama hucewa ba. Ta ɗauki sol ɗaya ta shinshina, ta lanƙwasa, ta sa farce a gefensa. Ta shekara tana yin haka tana cewa a duba aikin mutanen da suka san abin da suke yi. Wannan karon ta mayar da shi cikin kwalin.

"Babu abin da ya fita daga siton nan jiya," in ji Duba-Ƙasa. "Shigowa aka yi da shi. Sawun da ya nufo nan shi ne mai nauyi. Mutum ya ɗebo kaya daga rumfar Mai Roba, ya buɗe ƙofar nan da makulli, don wanda ya rungumi kwali cikin ruwan sama ba ya tsayawa fasa kwaɗo, kuma da ya fasa, da ƙarar ta tayar da maigadi tun a zuwan farko. Daga baya aka fasa kwaɗon. Maigadi yana laɓe bayan duro, ya farka ya ga mutum na shiga cikin duhu, ya yi aikin da kuka ɗauke shi ya yi. Makulli biyu ne. Ɗaya yana aljihunka, ranka ya daɗe."

Shugaba ya miƙe. "Kana nufin ni..."

"A'a. Mai sawun ya yi dako. Zauna."

Babu wanda ya juya ya kalli Sakatare. Ba kallon da aka yi masa ne ya karya shi ba, rashin kallon ne. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ta baya ya kama ni," ya ce. "Ban san shi ba ne. Wallahi ture shi kawai na yi. Na haska na ga Baba Maigadi ne."

"Kayan ƙetaren fa, ɗana?"

Sakatare ya nuna can ƙurya, inda aka rufe wani tsibi da tamfol. Aka yaye, aka buɗe kwali. Sol ne mai sheƙi, ya fi na hannun Uwar Layi kyau. Duba-Ƙasa ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa, ya karye gida biyu kamar biskit, gari ya zuba a ƙasa.

"Kwantenar farko ta zo da kyau," in ji Sakatare. "Ita ce kuka gani kuka yi rubutu a ƙofa. Ta biyu wannan ce. Na kira su, suka ba ni haƙuri cikin ladabi, suka ce za su yi mana ragi a oda ta gaba. Na sake kira, lambar ta daina shiga. Na zo zan faɗa wa Shugaba, na tarar yana hira da 'yan jarida. Sai na je wurin Kawu. Na ɗauka zai kore ni. Ya karɓi sol ɗaya na kwantenar farko, ya juya shi, ya ce in ba shi mako biyu."

"Tun yaushe?" in ji Uwar Layi.

"Tun bara, Inna."

Kowa ya sunkuya ya kalli ƙafarsa.

"To," in ji Duba-Ƙasa. "Akwai tsoho a bayan kanta da fasasshen leɓe. Wa zai raka ni wurin Sufeto?"

Mai Gam ya yi tari. Shugaba ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

Uwar Layi ce ta yi magana, a hankali, ba tare da ta ɗaga kai ba. "Baba, in aka je kotu da wannan zancen, za a tambayi me ake shigowa da shi. Ranar da aka faɗa, shagunan cikin gari za su dawo mana da kaya. Makarantu za su soke. Ba don takalmin ya lalace ba, ko ɗaya bai taɓa dawowa ba. Don hatimin. Ina da mata a shagona da ba su da kowa sai keken nan."

"An kashe mutum, 'yar nan."

"Na sani. Ni na fara ganinsa."

"Lamari ne mai girma," in ji Shugaba, muryarsa ta dawo daidai. "Ba a yanke irinsa da gaggawa. Za mu kafa kwamiti. Kai kuma, Baba, ƙungiya ta gode. Aikin da muka ɗauke ka ka gama shi tun da safe."

*

Washegari ya je ofishin 'yan sanda shi kaɗai. Sufeto ya saurare shi har ƙarshe, abin da ba ya yi wa kowa, sannan ya ɗauki hula suka tafi lungun.

Sun tarar da tifa tana juyawa. An zube tsakuwa daga ƙofar sito har ƙarshen lungu, 'yan ƙungiya da shebur suna bajewa, gumi na zuba. Shugaba ya taho da fara'a ya ce aikin sa kai ne, don tunawa da marigayi, wanda ya sha wahalar taɓon nan. A rumfar Mai Roba, ƙarƙashin injin, saura ramukan noti. Tsibin da ke ƙarƙashin tamfol ma ya yi ƙafa. Waɗanda aka tambaya game da taron jiya sun tuna an taru, an yi wa mamaci addu'a.

"Baba," in ji Sufeto a hanyar komowa, "ko da sawun yana nan, ƙasa ba ta rantsuwa a gaban alƙali. Kuma kana wahalar da kanka. Mutuminka ya amsa tun daren jiya."

"An dake shi?"

"Ko tsawa ba a yi masa ba. Shi ya kira mu."

Aka bar shi ya gan shi. Mai Roba yana zaune a kan siminti, ya jingina da bango, ido ɗaya a kumbure. Ya matsa ya ba baƙo wuri, kamar a rumfarsa.

"Na ji ka sha rana saboda ni, Malam. Sannu."

"Ni na nuna musu ƙofarka."

"Sawun nan ya zo. Ba ka yi ƙarya ba."

"Na san wanda ya yi. Ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane."

"Waɗanne mutane?"

Duba-Ƙasa ya juya sandarsa a hannu.

"Yana rarrafe uwarsa ta bar min shi," in ji Mai Roba. "A kan buhun roba ya koyi tafiya. Matarsa cikin wata bakwai gare ta. Ni me ya rage min? Sufeto ya ce in na ce tsautsayi ne ba za a rataye ni ba, shekaru ne. To su ɗibi abin da suka samu, ban san ko za su kai ba."

"Za su ce maka ɓarawo har ka mutu. Matar maigadi ma."

Mai Roba ya shafa kumburarren idonsa.

"Ita ce kaɗai ke damuna," ya ce. "Sauran kuwa, Malam, tun ina saurayi nake zuba musu sol, ban taɓa jin sannu ba. Sai ya yi tauri, sai ya yi wari, sai a rage. Shekarar nan ina zaune a rumfa ina jin su ta katanga, suna lanƙwasa aikina suna cewa a zo a ga hannun gwanaye. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi."

Wani kurtu ya shigo da takarda da tawadar dangwale, ya tsaya yana jira.

"In ka ga yaron," in ji Mai Roba, ya rage murya, "na san ƙarfen yana hannunsu, kuma shi za su sa. Ka ce masa kada ya yi gaggawar buɗe injin. Ya bari sai hayaƙin ya koma fari. In ya buɗe da wuri zai tsage a wata ɗaya, a ce kayan waje sun lalace, su dawo kansa."

Kurtun ya durƙusa, ya kama babban yatsansa ya danna a tawada, ya danna a takarda. Baƙin tabo kawai ya fito, sumul, babu zane. Zafin roba ya cinye shi tun da daɗewa. Kurtun ya yi tsaki ya kama na kusa da shi. Shi ma haka.

"Yi haƙuri, ɗana," in ji Mai Roba. Ya goge hannun a riga, ya miƙa masa ɗayan. "Gwada ƙaramin. Shi bai cika taɓa wuta ba."